Kofin da Bai Taɓa Kwana a Makarantarmu Ba

Duk Basakkwace ya san asalin sunan Giginya. A nan ne, ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta gwabza da sojojin Turawa, kuma ba ta yi nasara ba. Amma da aka tashi raɗa wa babban filin wasan garin suna, sai aka ce Giginya. Ka ga kuwa mutanen da suka yi haka sun san ba kowace faɗuwa ce abin kunya ba. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da na tuna ƙungiyar ƙwallon makarantarmu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don tsofaffin ɗalibanta suna da yawa, kuma gyambon bai warke ba.

A ƙarshen shekarun 1990, gasar makarantun sakandare ba wasan yara ba ce a Sakkwato. In aka ce yau Nagarta za ta buga, ko Sultan Bello, tun la'asar sakaliya za ka ga samari suna kwararowa daga Mabera, Runjin Sambo da Ƙofar Rini, wasu a ƙafa, wasu bisa kabu-kabu. Da aka fara Kofin Shell na makarantun ƙasa baki ɗaya a 1998, sai abin ya ƙara armashi, domin zakaran jiha zai fita ya kara da na wasu jihohi.

Mu dai a zagayen farko ba mu da sa'a. Uku, huɗu muke zura wa mutane. Amma da an shiga sili ɗaya ƙwale, sai ka rantse da Allah an musanya mana yara. Shekarar farko muna da ci ɗaya har lafari ya fara duba agogo, aka yi kwana, iskar hunturu ta karkatar da ƙwallo ta wuce golanmu. A ƙarin lokaci aka ƙarasa mu. Shekara ta biyu ɗan bayanmu ne ya ci gida da kansa. Nan fa surutu ya tashi: wasu su ce an binne mana laya a raga, wasu su ce abokan karawar sun ɗauko sojan haya masu gemu. Malaminmu na wasanni bai taɓa biye musu ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Ba a fafe gora ranar tafiya, ku koma fili."

Ta ukun ce ta fi ciwo. Wasan ƙarshe ne, aka tashi kunnen doki, aka je bugun fenareti. Na ƙarshe ya faɗo kan kyaftin ɗinmu, yaro mai sanyin hali wanda ko takalmin da ke ƙafarsa na aro ne. Ya aika gola hagu, ƙwallo ta yi dama, muka miƙe tsaye, sai ji muka yi ƙau! Ta daki turke ta dawo. Wallahi mai karatu, ban taɓa jin shiru irin na ɓangarenmu a ranar ba. A ƙafa muka tako, ba mai ce wa wani uffan. Wani dattijo mai shayi ya dube mu ya ce, "Yara, mi yaf faru? An cinye ku? To ku zamna ku sha, yau ba ni amsar ko kwabo."

Shi ya sa a watan Fabrairun 2000, da Kamaru ta ɗauke Kofin Afirka a Legas bayan an tashi 2-2, aka hana Victor Ikpeba fenaretin da ta haye layi, mu abin bai zo mana baƙo ba. Mun riga mun san ɗanɗanonsa.

Kyaftin ɗin nan yanzu magidanci ne, tela. Ya taɓa ce mini, "Aboki, hal yau in niy yi shiru ina jin ƙarar turken ga." Amma ranar da mahaifinsa ya rasu, kusan duk 'yan ƙungiyar sun zo jana'iza, har da wanda ya taso daga Kaduna. Kofin da ba mu ci ba shi ya ɗaure mu.

Yau ka leƙa gidajen kallon ƙwallo, za ka tarar da yaro ya ƙi cin tuwo don an ci Arsenal, alhali bai san sunan golan makarantarsu ba. Wannan kukan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda ya ɓarar da fenareti a Landan bai san da zamanka ba. Namu kuwa tare muke cin garau-garau, gobe kuma benci ɗaya za mu zauna, dole ka koyi yadda za ka dubi idonsa ka ce masa ya yi haƙuri.

Don haka ina roƙon ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: in an tara kuɗin fentin aji, a ware na jesi da ƙwallo. A bar ƙannenmu su ci, a kuma bar su a cinye su a gaban mutanen unguwarsu.