Lafiyar Barebari: Garin Doya Da Riɗi Ya Shiga Cinikin Ilmi

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi Kogin Binuwai, in ya wuce Keffi da Akwanga, sai ya gangaro duwatsun Nasarawa Eggon. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, gonakin doya da rogo suka jeru dama da hauni, har ya iso Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Gari ne mai zafin rana da yawan baƙi, inda za ka ji Hausa da Eggon da Alago da Migili da Tibi a tasha guda, amma in ciniki ya kankama Hausa ce ke raba gardama.

Wani Babarbare mai suna Muhammadu Dunama shi ya kafa garin wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai. Bayan haka jirgin ƙasa mai tasowa daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kafancan. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka yanki Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama mazaunin gwamna. A 2019 kuma Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad ya bar Kotun Ƙoli ya hau gadon sarautar garin, bayan rasuwar Alhaji Isa Mustafa Agwai.

Baƙo ba zai san Lafiya ba sai ya shiga inda ake cinikin doya. Na daɗe tsaye ina kallon dillalai. Ba wanda ke biyan kuɗin ƙwaryar doya, watau guda ɗari, don kawai mai ita ya yabe ta. Sai ya ɗaga ya ji nauyinta, ya juya ta ya duba ko ƙwaro ya huda, ya tambayi ƙauyen da aka haƙo ta. Mai sayen riɗi ma haka: ya damƙa, ya hura, ya ga ko an cuɗa da yashi. Wannan sanin makama ba a haihuwar kowa da shi, a gindin uba ko ubangida ake koyonsa shekara da shekaru.

Daga kasuwa sai na kama hanyar Makurɗi, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Lafiya yake. Tana cikin jami'o'i tara da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2011, tare da su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Wukari da Lakwaja, kuma mace ce, Farfesa Ekanem Braide, ta fara shugabancinta. Ban da ita akwai kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan Isa Mustafa Agwai, da kwalejin aikin gona, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu. Ashe garin manoma ya zama garin ɗalibai, 'ya'yan dillalan nan da na manoma su ne ke cika azuzuwa.

To, a nan ne tambaya ta taso. Yaron da ubansa ba ya sayen doya sai ya juya ta, wa zai koya masa juya labari kafin ya saya? Da yawa daga cikin masu shiga jami'o'in ƙasar nan sun fito daga makarantun da ba su da laburare, ba su taɓa neman littafi da lambarsa a kan kanta ba. Alhali kuwa kusan kowannensu yana riƙe da waya wadda ke zubo masa bayani dare da rana, na gari da gurɓatacce a ƙwarya ɗaya. Da can, matsalar ɗalibi ƙarancin littattafai ce. Yanzu kaya sun yi yawa a kasuwa, idon zaɓe ne ya yi ƙaranci.

Masana aikin laburare suna da suna ga wannan ido, ma'anarsa da Hausa ita ce sanin makamar bayani. Wani Ba'amurke, Paul Zurkowski, shi ya fara kiransa haka a 1974, kuma a 2005 wani taro da hukumar UNESCO ta sa hannu a ciki a birnin Iskandariya na Masar ya bayyana shi a matsayin haƙƙin ɗan'adam. Abubuwa huɗu ya ƙunsa: mutum ya san abin da yake nema, ya san inda zai same shi, ya iya auna ingancinsa, sa'an nan ya yi amfani da shi bisa amana, ya faɗi wurin wanda ya ɗauko.

Mai karatu zai ga cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman Hadisi tun fiye da shekara dubu ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta, wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shin mai gaskiya ne. A zaurukan karatu na Kano da Zariya da Sakkwato, almajiri in ya kawo magana akan tambaye shi littafin da ya gani da babin da ta fito. Tufafi kawai abin ya sake.

Wanda yake ganin wasa ne, ya tuna da watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Ikko. Cikin dare ɗaya saƙo ya zaga wayoyin ƙasar nan cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne. Har masu digiri suka tashi iyalinsu da asuba suka dafa ruwa, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Daga 2022 kuma ga irin su ChatGPT, waɗanda kan tsara wa ɗalibi amsa mai daɗin karatu, wani lokaci har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Malamin gona ko na asibiti da ya fita jami'a bai iya tace irin wannan ba, mutanen ƙauyensu ne za su ɗanɗana kuɗarsa.

Yaya ake gina irin wannan shiri a laburaren jami'a? Zagayen da akan yi wa sababbin ɗalibai a makon farko, a nuna musu ƙofa da teburin aro, bai wadatar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shekarar farko ɗalibi ya koyi neman littafi da lamba da bambanta mujallar masana da shafin talla. A shekara ta biyu da ta uku, ma'aikacin laburare ya shiga aji tare da malamin darasi, domin abin da ɗalibin tarihi ke nema daban yake da na ɗalibin kimiyya. A shekarar ƙarshe a zauna da shi kan kundin bincikensa, a nuna masa rumbuna irin su AJOL, wanda ke tara mujallun masanan Afirka tun 1998, a kuma koya masa cewa kwashe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba sata ce. Misalan kuwa a ɗauko su daga gida: farashin riɗi, gishirin Keana da Awe, tarihin masarautar Lafiya, don yaro ya ga bincike ya shafi tuwonsa.

Ƙofar yin haka a buɗe take. A 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa darasin amfani da laburare cikin darussan da kowane ɗalibi zai yi. Sabuwar manhajar da ta fitar a 2022 kuma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Asusun TETFund yana ba da kuɗin bunƙasa laburare. Abin da ya rage shi ne majalisar malamai ta ware sa'o'i da maki, a horar da ma'aikata su iya koyarwa, a tanadi wuta da intanet da ba su yankewa. Jami'a mai ƙuruciya irin ta Lafiya ta fi tsofaffi damar yin haka, tun da al'adunta ba su riga sun daskare ba.

Mutanen Lafiya sun shekara fiye da 200 suna ciniki, sun san mai saye da ido rufe shi ke komawa gida da ruɓaɓɓiya. Iyaye sun sayar da doya da riɗi sun biya kuɗin makaranta, haƙƙinsu ne a mayar musu da 'ya'yan da in an kawo musu magana za su tambayi asalinta. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata. Allah ya sa shugabannin makarantun namu su duba wannan da idon basira, amin.