Zuwa Ga Ɗana, Kafin Ka Dasa Bishiya a Sabon Gidanka



Ɗana, na ga hotunan bishiyoyin da kake so a jera a harabar gidan da kake ginawa nan Hadejia. Na zaɓi in ba ka amsa a bainar jama'a domin ba kai kaɗai ba ne. Sa'o'inka da dama da Allah ya buɗa musu suna gini a gari, kuma kusan kowa irin wannan bishiya yake nema, mai kama da dabino, ta ado, wadda ake gani a ƙofar manyan otal-otal.

Ka ce mai sayarwa ya yaba wadda ka fi so da cewa haɗin iri biyu ce, kuma tana jure sanyi. Bai yi maka ƙarya ba. Iyayenta, Butia da Syagrus, 'yan Kudancin Amurka ne, wajen Barazil da Ajantina, kuma masu lambu a wurare irin su Florida ke haɗa su da hannu don su samu bishiya mai kyan gani wadda ba za ta mutu ba idan sanyi ya daskarar da ruwa cikin dare. Damuwarsu ke nan, sun kuma yi mata magani. Sai dai kamar alfadari take, galibi ƙwallonta ba ya tsirowa, shi ya sa take tsada. To mu yaushe ruwa ya taɓa daskarewa a randa a Hadejia? Ko a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da ake kwana da kaskon wuta a ɗaki, da wuya awo ya sauka ƙasa da digiri 10. Abin da ke kashe dashe a nan shi ne ranar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da busasshiyar iska, da awakin maƙwabta, sannan uwa-uba ruwa idan ya kwanta.

Ba sai na tuna maka ambaliyar 2020 da ta 2022 ba, yadda matasa suka yi ta kwana suna cika buhuna da ƙasa a kan jinga, da abin da ya samu mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, halin kogin Hadejia ya sauya, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Duk wanda zai dasa bishiyar da yake so jikokinsa su tarar, sai ya fara tambayar kansa inda ruwa ke tsayawa a filinsa cikin Agusta da Satumba.

Shawarata ita ce ka dasa dabino. Ba bare ba ne a ƙasarmu. Ka bi ta Dutse ka ga yadda ya tsaya tsakanin gidaje da duwatsu, kuma a can ne cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, ta kafa reshenta na dabino. Yana son zafin da muke kuka da shi, domin da shi 'ya'yansa ke nuna su yi zaƙi. Sanyin hunturu ma alheri ne gare shi: bayan ya ɗan huta a cikinsa ne yake fitar da fure sosai. A arewacin ƙasar nan yakan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, ko da yake na rani ya fi kyau, don ruwan sama idan ya tarar da dabino yana nuna yakan tsaga shi ko ya ruɓar da shi. Duk da haka, kowane azumi sai mun jira na Nijar da Aljeriya da Saudiyya, mu saya da tsada. Wannan abu yana ci mini rai.

Amma dabino yana da sharuɗɗa, kuma nan ne mutane ke yin asarar shekaru. Akwai namiji, akwai mace, kowanne bishiyarsa daban. Idan ka ci dabinon Ajwa ka binne ƙwallon, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba kuma za ka gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Wadda ta fito mace ma ba lalle ta gaji uwarta ba, tana iya ba ka ƙanana masu bauri. Saboda haka ka nemi ɗan da ke tohowa a gindin uwa. Shi ba ya sauya hali: idan uwar mace ce mai zaƙi, haka zai zama. Kada ka yarda da bakin mai sayarwa kawai. Ka je ka ga uwar da idonka, in da hali ka ɗanɗani 'ya'yanta, ka zaɓi ɗan da ya yi shekara 3 zuwa 4 a jikinta ya fara tasa saiwa, kuma a bar wanda ya iya ya raba su da ƙarfe mai kaifi, don mummunan yanka yana kashe ɗa ya raunata uwa.

Wurin dashe ya zama tudu mai rairayi, ba laka mai riƙe ruwa ba. Idan filinka kwari ne, a yi ciko tukuna. A haƙa rami mai faɗi, a gauraya ƙasar da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe, a dasa ba tare da an binne zuciyar ba. Babban dabino yana iya jure ruwa na ɗan lokaci, amma ƙarami da ruwa ya shiga zuciyarsa ya tafi ke nan. A kewaye shi da zana ko kara saboda iska da dabbobi, a riƙa ba shi ruwa kullum a makonnin farko. Ka nisanta shi da katanga da hanyar yara, ƙayarsa ba ta da daɗi, ka kuma bar kamar mita 8 tsakanin ɗaya da ɗaya. Mata biyu ko uku sun ishi gida. Idan Allah ya yarda, cikin shekara 4 zuwa 5 za ka fara ganin 'ya'ya.

Sai barbara. Idan kwanson furen mace ya tsage, a cikin 'yan kwanakin nan ake yanko silin furen namiji a soka a tsakiyarsa a ɗaure. Haka mutanen Madina ke yi tun zamanin Manzon Allah (SAW). Namiji ɗaya yana isar mata da yawa, don haka ba dole kowane gida ya ajiye nasa ba, ku haɗa kai da maƙwabta. Wanda ya bar wa iska wannan aiki, nonon dabinonsa zai fito a tsefe, rabi fanko.

Game da gorubar da ka tarar a kusurwar filin, wadda magina ke so a sare, roƙonka nake ka bar ta. Ta ga ambaliya ta ga fari, ba wanda ya taɓa zuba mata ruwa. Ka san irinta ta cika dajin Baturiya, kuma da kabarta mata da yawa a ƙauyukan fadama ke saƙa tabarma su rufa wa kansu asiri. A gyara zanen katangar ya fi sauƙi a kan a jira wata ta girma. Giginya kuwa, duk da muruci da azara, kada ka sa ta a tsakar gida. Inuwarta na nesa ke sha, kuma 'ya'yanta idan suka faɗo daga sama suna iya raunata yaro. Wurinta gona.

Ban hana ka bishiyar ado ba. Idan ranka na so, ka sayi ɗaya ka sa a inda za ta samu ruwa da ɗan inuwa, ka ga yadda za ta yi da bazararmu kafin ka ƙara. Amma kuɗin da ka ware na bishiyoyin ado, ka kai mafi yawansa ga dabino. Idan ka zo hutu ka keɓe mini kwana ɗaya mu je Dutse tare, kuma ka taho da babban ɗanka ya ga yadda ake raba ɗa da uwa. Ku ma sauran masu gini a gari, wannan kira har da ku.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka shiga gidan lafiya.

Mahaifinka,
daga Hadejia.