Daga Sharaɗa Zuwa Challawa: Ina Ganyen Miyarmu Ya Sha Ruwa?

Duk wadda ta hau A Daidaita Sahu ta bi titin Panshekara, kafin ta ga masana'anta hancinta zai fara gaya mata ta iso. Wari ne na fata da magunguna, mai kama maƙogwaro, musamman da rani idan iska ta juyo. Wannan yanki, daga Sharaɗa har Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, shi da Bompai da ke can arewa maso gabashin gari su ne cibiyoyin masana'antun Kano. Da yawa sun rufe saboda matsalar wutar lantarki, amma kamfanonin jima da na robobi da na lemon kwalba suna nan suna aiki, kuma dubban magidanta daga nan suke samo cefane.

Da hantsi za ki ga ma'aikata sun yi layi gaban mai shayi da mai soya taliyar yara, burodi a hannu, lemon kwalba a gefe. Ba na ganin laifinsu, wanda ya fito tun asuba abin da ya samu kusa shi zai ci. Sai dai mu da ke gida ya kamata mu san cewa idan maigida ya wuni a kan wannan, tuwon dare ne kaɗai zai gyara masa ciki.

Ki wuce katangun kamfanonin ki gangara wajen kogin Challawa, sai ki ga wata duniyar. Lambuna ne shar, alayyafo da latas da kabeji da albasa, injin ban ruwa yana ta ƙara. Abin gwanin sha'awa. To amma ruwan fa? Kakanninmu majema da bagaruwa suke jima. Jimar zamani kuwa da sinadarin kuromiyam ake yinta, kuma ruwan da aka gama aiki da shi kwalbatoci ne ke kwashe shi. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, inda nan ma manoman rani suke jan ruwa. Masu bincike na Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen waɗannan wurare, kuma sun samu kuromiyam da dalma da kadmiyam, a wasu wuraren fiye da ƙa'ida.

A nan ne nake so uwargida ta natsu. Wanke ganye da ruwan gishiri ko ruwan kal yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, kuma wajibi ne a kan duk ganyen da za a ci ɗanye. Amma abin da tsiro ya zuƙa ta saiwa ya shiga jikinsa, wanki ba ya fitar da shi, tafasa ma haka. Ba kuma guba ce mai kayar da mutum yau ba. A hankali take taruwa cikin shekaru: kadmiyam ƙoda yake wa illa, dalma kuwa ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa. Ganye mai faɗi irin alayyafo da latas ya fi tumatir da kuɓewa ɗaukar waɗannan abubuwa.

Kada wata ta ce to shi ke nan, an daina cin ganye. Wannan gudun gara ne a faɗa zago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, domin shi ke rage hawan jini da ciwon zuciya. Abin yi shi ne tambaya. Mai kayan miyar da kika saba da shi ya san inda yake saro kayansa, ki ce masa, "Malam, wannan na ina ne?" Kayan Kadawa da Kura da Bunkure ruwan madatsar Tiga suke sha. Ki kuma riƙa sauyawa, yau kuka, gobe kuɓewa busasshiya, jibi zogale ko rama. Manomin bakin Challawa ba shi ya ɓata ruwan ba, gonar ya gada ya tarar da abin ya zo masa. Masu kamfani da hukuma ne ke da alhakin tace ruwa kafin a sake shi.

Abin mamaki, a cikin Kumbotson nan dai kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa take, a kan titin Zariya. Manyan motoci ne ke sauke lemo da ayaba da abarba da kankana, kuma idan mata uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi kashi guda suka raba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen ɗai-ɗai a bakin titi. Kuɗin lemon kwalban da ake saya wa yara a mako ya isa wannan.

Tsofaffin ƙauyukan wannan yanki da muke gani sun haura tamanin suna zuwa masallaci da ƙafarsu, da gero da dawa suka tashi, fura da nono da rana, tuwo da miyar kuka mai daddawa da dare. Mu kuwa tukunya ɗaya sai mu jefa mata dunƙule biyar, mu ƙara gishiri a kai, alhali gishirin da jiki ke buƙata a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen da burodin. Ga kuma koyarwar Manzon Allah (SAW) a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, ta raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Ina karantar da shi a aji, ɗalibaina matan aure su yi ta dariya su ce, "Malama, ban da ranar biki."

Wadda take da ɗan fili a tsakar gida, ko da bayan madafa ne, ta yanki reshen zogale mai kauri kamar tsawon kamu biyu ta kafa da farkon damina. Kafin shekara ta zagayo za ta fara tsinkar ganye. Alayyafo kuwa a tsohon bokiti ma yana fitowa, mako huɗu zuwa biyar ya isa yanka, da ruwan alwalar gidan kawai.