Tsuntsun da bai kai giram 2 ba

Da farko na ɗauka ƙudan zuma ne. Ina shekara ta uku a karatun likita a Kuba, wani abokina ɗan ƙasar ya kai ni gidan kakarsa a yankin fadamar Zapata. Muna zaune a tsakar gida sai wani abu ya zo da ɗan ƙugi, ya tsaya cak a iska gaban wani jan fure. Na ɗaga hannu zan kore shi, tsohuwar ta riƙe ni. Ta ce tsuntsu ne, sunansa sunsunsito.

Duk duniya babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta, kuma a Kuba kaɗai ake samunsa. Tsawonsa santimita 5 zuwa 6, har da baki da wutsiya, namijin bai cika giram 2 ba. Yana kaɗa fukafukai kamar sau 80 a daƙiƙa guda. Macen ita kaɗai ke haɗa sheƙa da saƙar gizo-gizo da ɓawon itace, ta yi ƙwai 2, kowanne kamar ƙwayar wake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanansa. Ƙaramin jiki ba ya riƙe zafi, shi ya sa yake wuni shan ruwan fure ba hutu. Da dare kuwa ba abinci. Sai tsuntsayen wannan dangi su bar jikinsu ya huce, bugun zuciya ya ragu, su sandare kamar matattu har gari ya waye.

Yanzu a Damagaram nake aiki. Hunturun bara aka haifi wata bakwaini, da kaɗan ta wuce kilo guda, ga wuta ta ɗauke. Kakarta ta ce, "Likita, wannan za ta yi rai kuwa?" Na ce, "Inna, rai na Allah ne, namu dai mu hana ta yin sanyi." Sunsunsito na tuna. Matsalarsu ɗaya, sai dai jaririya ba ta da dabararsa: in ta huce, ta tafi. Muka kwantar da ita a ƙirjin uwarta, fata da fata, muka ɗaure da zane, ana tatsar nono ana ba ta duk awa 2.

Ranar da muka sallame su, kakar ce ta hana kowa ɗaukarta. Ta ce a bar ta inda take jin ɗumi.