Nauyin Fiyano da Tsawon Hanya: Daga Littafin Wani Makaɗi a Makarfi

Litinin, 2 ga Disamba

Kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, motocin rake sun fara jerin gwano daga Makarfi zuwa Tashar Yari. Kuɗi sun shigo hannun manoma, biki kuma ya buɗe. Daga yanzu har azumi ya kawo jiki, da wuya Asabar ta zo ba mu da wurin zuwa. Ni kuwa kafaɗata ta dama ta fara kai ƙara.

Da hantsi na sa yarona ya turo kayan aiki a baro zuwa wurin masu sayen hatsi, muka ari sikeli. Fiyanon, Yamaha PSR-S950, kilo 11.5 ne, daidai da abin da takardarsa ta faɗa. Akwatin katakon da kafinta ya yi masa ya kusa kamo shi nauyi. Ga ƙafar ƙarfe mai ninki biyu, ga sitabilaiza, ga jakar wayoyi. Da aka haɗa jimla mai sikelin ya dube ni ya ce, "Malam, ashe rabin buhun taki kake yawo da shi, har da ɗoriya." Wannan kayana ne ni kaɗai, ban da sifiku da janareta.

Talata, 3 ga Disamba

Na yini ina duba nauyin fiyanoni a waya, ina rubutawa a bayan littafin nan. Casio CT-S300, kilo 3.3, har da marikin da ake ɗaukarsa da hannu ɗaya. Yamaha PSR-E373, kilo 4.6. PSR-E473, kilo 7. PSR-S670 da ƙaninsa PSR-SX600, kowanne kilo 8.1. Manyan, SX700 da SX900, kilo 11.5, wato babu abin da suka rage mini. Dukansu maɓallai 61 ne, kuma mu nan wannan ya ishe mu. Masu maɓallai 88 masu nauyin dannawa na wanda ke zaune a ɗakin taro ne yana kiɗan Turawa, ba na mai hawa acaɓa ba.

Idan da nauyi kaɗai ake dubawa, da an gama magana a kan Casio. Sai dai kunnen mutanenmu ya riga ya saba. Tun da sutudiyon Iyan-Tama a Kano ya shigo da Yamaha cikin waƙoƙin fim, fim ɗin Sangaya kuma ya yi tashe a 1999, sautin PSR ya zama shi ne kiɗan fiyano a wurin Bahaushe. Sarewarsa, goge da kalangun da muke kwaikwaya da shi, duk akwai yadda mata suke son su ji su fito. In ka zo da wani sautin daban, ba za su ce maka komai ba, liƙi ne kawai zai ragu.

Alhamis, 5 ga Disamba

Zariya, Sabon Gari. Na shiga wani shagon kayan kiɗa da na saba sayen wayoyi. Mai shagon ya ce, "Maigida, yau me aka kawo mana?" Na ce, "Alhaji, sauƙi na zo nema." Ya yi dariya ya sa aka sauko da uku.

Casion na fara taɓawa. Daɗin ɗauka kam babu na biyunsa, yana cin batir shida, yana kuma da 'yar tayar nan ta gefen hagu da ake lanƙwasa sauti da ita. Amma gangunansa ba namu ba ne, kuma ba zai karanta sitayil ɗin da na tara a filashi ba. Shi na koyo ne da atisaye a ɗaki.

E373 ya fi shi kama da gida a kunne, sai dai aibinsa biyu. Ba shi da tayar lanƙwasa sauti, ita ce kuwa ke sa sarewa ta yi kuka, goge ya yi shagwaɓa. In babu ita waƙar nanaye takan fito a sandare. Na biyu, ramin fitar da sautinsa ɗaya ne da na abin sawa a kunne, ba irin ramukan da ake jonawa da mikisa kai tsaye ba.

E473 shi ya tsaya mini a rai. Yana da tayar, yana da ramukan fita biyu na hagu da dama, yana karɓar makirfo, yana cin filashi, kuma yana aiki da batir shida. Mai shago ya ce in biya rabi in tafi da shi. Na ce a'a, fiyano ba a shago ake saninsa ba, sai a tsakar gida cikin ƙura da guɗa.

Juma'a, 6 ga Disamba

Bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa Ikara wurin abokina da ke kaɗa wa mawaƙan wani coci. Tare muka koyi sana'ar nan a hannun mutum ɗaya. E473 yake amfani da shi, ya kuma yarda ya ara mini zuwa daren Asabar, da sharaɗin ya kwana a gida saboda sujadar Lahadi.

Ya ba ni shawara mai amfani. Ya ce, "Yaya, in za ka yi aiki da batir, ka cire adafta gaba ɗaya tun farko. Kar ka jona shi da janareta kana tsammanin batir zai karɓa in wuta ta ɗauke." Ya nuna mini batira masu caji da yake sawa, jeri biyu, ɗaya a ciki ɗaya a aljihu. Ya ce tun da ya koma haka bai sake ƙona adafta ba. Duk makaɗin da ke bin ƙauyuka ya san wannan ciwon: ƙaramin janareta in an ɗora masa amfilifaya da fitilu, wutarsa sai ta riƙa hawa da sauka, abin da ya fi tsada a wurin kuma shi ta fi so ta ci.

Da dare na zauna ɗora masa sitayil ɗina. Nan na ga iyakarsa. Wasu sun shiga, da yawa sun ƙi, domin an yi su ne a sabon tsarin da manyan PSR ke karantawa. Waɗanda suka shiga ɗin ma canji biyu kawai suke bayarwa, A da B, alhali S950 huɗu yake da su.

Asabar, 7 ga Disamba

Yinin biki a wani ƙauye bayan Hunkuyi, cikin ƙaramar hukumar Kudan. Daga inda kwalta ta ƙare sai babur, ta tsakanin gonakin rake, ana jin ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake dafa ta. Na rataya fiyanon a baya cikin jakarsa, yarona ya riƙe ƙafa da wayoyi, babur ɗaya ya kwashe mu. Da akwatin katako ne, da sai an ɗauki na biyu, an ɗaure shi a gicciye da roba, ana tafe ana addu'a kar ya bugi kara.

Ana tsakiyar fitowar amarya janareta ya yi tari ya mutu. Sifiku suka yi shiru, amma fiyanon bai ɗauke ba. Na ƙure 'yan sifikunsa na jiki, mawaƙinmu ya ɗaga murya, mata suka karɓa da tafi, har aka tayar da injin ba a fasa rawa ba. Da nawa ne, sai na jira ya kunnu, na sake nemo sitayil da murya, lokacin kuwa fili ya riga ya huce.

To amma da aka zo waƙoƙin da ake ɗaga kiɗa mataki-mataki, daga sanyi zuwa zafi har a kai inda iyayen biki ke fitowa da kuɗi, sai na rasa matakala. Daga A sai B, daga B sai A. A hanyar dawowa mawaƙin ya ce mini, "Oga, yau kiɗan nan bai tura ni ba, ni na riƙa jan sa." Gaskiyarsa. Mun mayar da fiyano Ikara can cikin dare.

Lahadi, 8 ga Disamba

Hutu. Da la'asar na je gaida kawuna, tsohon makaɗin kalangu wanda ya yi zamani yana bin mahauta da 'yan mata a kasuwannin ƙasar nan. Na ba shi labarin abin da nake ciki. Ya ce, "Ɗana, mu kayan aikinmu a hammata suke, ko rafi ya kawo mu haye da abinmu. Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, abin da yaro zai riƙe da hannu ɗaya. Amma ka taɓa jin ya rage tsirkiya don ya ji sauƙi? Ita ɗaya ce tilo, kuma ita ce sana'ar."

Na fahimci inda ya dosa. A cikin kaya akwai abin da yake nauyi ne kawai, akwai kuma abin da yake shi ne aikin. Canji huɗu da sitayil ɗin da na yi shekaru ina gyarawa su ne aikin. Katako da ƙarfe nauyi ne kawai.

Talata, 10 ga Disamba

Yau lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin babur ya zama abin da ake cirewa kafin a raba liƙi, kuma yakan ci rabon mutum guda. Duk kayan da za su sa a ƙara babur sun fi tsada a kan abin da aka saye su. Saboda haka tambayar da ta kamata ba "kilo nawa ne fiyanon?" ba ce. Ita ce, zan iya goya shi a baya in bar hannuwana su riƙe wani abu, daga ƙofar gida har filin biki?

Hankalina ya karkata ga masu kilo takwas, S670 ko SX600, sai na kai wa mai ɗinkin kujerun mota awonsu. Zai ɗinka jaka da tamfol a waje, soso mai kauri a ciki, madauri biyu masu faɗi irin na jakar makaranta, da marfi a kan zif saboda ƙurar hunturu, wadda ita ce ke shiga ƙarƙashin maɓallai ta hana su amsawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, soson in bai kai yatsa biyu ba, kusurwa za ta sha duka." Na ce ya ninka a kusurwoyi. Ƙafar ƙarfen ma zan musanya ta da mai ninki ɗaya. Fiyanon kilo takwas ba ya buƙatar wadda aka yi don ɗaukar biyu.

Alhamis, 12 ga Disamba

Kano, Sabon Gari, da S950 a bayan mota. Na sami S670 da SX600, duka na hannu. Nauyinsu ɗaya, dukansu canji huɗu ne, dukansu sun karanta filashina. S670 ya fi araha, amma na 2015 ne, kuma ba shi da ramin makirfo. SX600 ya fito a 2020, yana da shi, wanda ke nufin a ƙaramin taro kamar suna ko kamu ba sai an ɗauko mikisa ba.

Kayan hannu ba a yi musu gaggawa. Na danna maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, don in ji ko akwai wanda ke ihu shi kaɗai. Na juya tayar na saki in ga ko tana komawa tsakiya. Na motsa kan adafta a raminsa fiyano na kunne, domin in ramin ya saki, shi ne ke kashe maka kiɗa a tsakiyar waƙa. Na jona kowane ramin fita da sifika daban. Na shinshina bayan, ko an taɓa ƙona shi an gyara. Mai shagon ya ce, "Malam, kai ko surukin da ya zo ganin gona." Na ce araha ba ta ado.

Muka daidaita: na bar musu S950, na yi ciko, na ɗauko SX600 da adaftarsa ta asali. Ba ya cin batir, wannan na sani tun kafin in biya. Sitabilaiza tana nan a cikin kaya.

Juma'a, 13 ga Disamba

Na yini a ɗaki ina gyara. Wasu sitayil suna kiran muryoyin da S950 ke da su wannan ba shi da su, sai ya sa abin da ya ga dama a madadinsu; a wata waƙar inda sarewa take sai na ji ƙaho. Na bi su ina sauyawa, na jera waƙoƙin gobe a maɓallan ajiya yadda ko wuta ta ɗauke, dannawa ɗaya za ta dawo da ni inda nake. Allonsa ƙarami ne, sai na matso da ido. Jaka ta iso da magariba, ta zauna masa cif.

Asabar, 14 ga Disamba

Biki a wajen Paki. Babur ɗaya, fiyano a bayana, ƙafa da sitabilaiza a hannun yaro. Daga jikin fiyanon kilo 3.4 kacal na rage, amma akwati da ƙafar da na ajiye sun ninka haka wajen sauƙi, kuma ba su ne suka ci kuɗin ba. Mawaƙinmu ya sami matakalarsa huɗu, bai yi ƙorafi ba.

Da muka zauna rabo muka yanke shawara biyu. Duk bikin da aka ce mana janaretan gidan ƙarami ne, zan je Ikara in karɓi hayar E473, ba aro ba, in biya abokina haƙƙinsa. Na biyu, sifiku. Su ne yanzu suka fi komai nauyi, su ne kuma ke cin mota guda. Akwai masu ba da hayarsu a Hunkuyi da Ikara, don haka daga mako mai zuwa za mu riƙa tambayar mai biki tun ranar da ya kawo kafin alƙalami: wa ke da sifiku a kusa da ku, kuma janaretan wane iri ne? Mawaƙin zai kira wani mai biki a Gubuchi gobe da safe.