Botar da ba ta da suna

Jiya na shiga kasuwa sayen kayan cincin ɗin Sallah, na dawo raina a ɓace. Mai shagon ya janyo wani katon, ya sa wuƙa ya yanko min bota mai ruwan ɗorawa, ya ƙulla a farar leda. Babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa. Na ce, Malam, ta wane kamfani ce? Ya ce, "Hajiya, ita duk masu kek ke saya, ko a zafin nan ba ta narkewa."

Kun san tun da baban yara ya kwanta da ciwon zuciya ba na sayen abu sai na juya bayan kwalinsa. To a nan me zan juya?

Man gyada da man waken suya ruwa ne. A masana'anta sukan cusa wa irin wannan mai iskar haidurojin har ya yi rabin daskarewa, ya daɗe a shago bai canza wari ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya fito da dabarar a 1902. A garin yin haka ake samun kitsen da likitoci ke kira tirans. Yana ƙara mugun kolestarol a jini, ya rage mai amfanin, jijiyoyin zuciya su riƙa toshewa a hankali mutum bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kusan giram 2.2 a yini. An fi samunsa a botar gashi, biskit mai kirim a tsakiya, kek, donat da farar hodar nan da ake zuba wa shayi a madadin madara.

Ba kowace bota mai tauri ce ke ɗauke da shi ba, wasu da tataccen manja ake yin su. Abin da ke ci min rai shi ne babu yadda za a yi in bambance. Denmark ta taƙaita tirans tun 2003. Amurka ta hana man da aka cusa wa haidurojin ya yi rabin daskarewa a 2018. Mu ma a 2023 dokarmu ta fito, kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Amma da an raba bota da kwalinta an ƙulla a leda, wa zai bi sawunta?

Na san za a ce ina so in kashe wa mata sana'a. Wallahi ba haka ba ne. Ni ma da kuɗin cincin na biya wa yara makaranta, na san yadda fulawa da sukari suka yi tsada, na san ribar ba ta taka kara ta karya ba. 'Yar'uwata mai kek ita ma ba ta san abin da aka yanko mata ba, kuma 'ya'yanta ne ke fara lashe kwanon kwaɓin. Da dillalin da ya cire kwali nake. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma lafiyar wanda zai ci amana ce a wuyan mai sayarwa.

Wasu kuma za su ce kakanninmu sun sha man shanu sun yi tsawon rai. Man shanu yana da ɗan tirans kaɗan na halitta, gaskiya ne, amma tsohuwar da ta kaɗa nononta ta san abin da ke cikin ƙwaryarta. Ajali kuwa na Allah ne, ba mu musa ba, sai dai Shi ne Ya ce a kiyaye.

Ku sayi bota mai suna a rufe. In kun ga an rubuta "partially hydrogenated" a jerin kayan haɗi, ku mayar. Cincin yana yi da man gyada, kek ma ya fi daɗewa da laushi in da mai aka kwaɓa. Man suya kuma in ya yi baƙi yana kumfa, a zubar, kada a ƙara sabo a kai. In botar leda kaɗai kuɗinku zai iya, ku ce a nuna muku katon ɗin ku karanta. Wanda ya ƙi nunawa, akwai shago a gaba.