Wa Ya Sa Hannu, 'Yar Uwa?

Yau maganar ƙasa da siminti na zo mana da ita. Na san wata za ta taɓe baki ta ce ina ruwan mace da wannan, ai hurumin maza ne. To ki yi haƙuri ki ji, domin kuwa a zamanin nan mata da yawa suna da filaye. Wata adashi ta zuba shekara uku, wata gadon mahaifinta ne, wata sarƙar gwal ɗinta ta sayar, wata kuwa ribar ƙosai da ɗinki da kitso ce ta yi ta ƙullewa a bakin zane har ta isa fuloti a bayan gari. Kuɗin namu ne, amma ranar awo ba ma wurin, ranar zuba dakin ba ma wurin, takardar da aka kawo mana kuwa sai mu ninke mu tura ƙasan akwati, ba mu tambayi wanda ya sa mata hannu ba.

Abin da ya faru da Goggona, ƙanwar mahaifina, shi ya sa wannan magana ta zauna mini a rai. Bayan ta fita takaba, ta haɗa tumunin da ta samu da kuɗin tumakinta ta sayi fuloti hamsin da hamsin, awon igiya. Aka rubuta mata takarda da shaidu uku, aka ce gabas ya yi iyaka da gonar wane, yamma da bishiyar darbejiya, arewa da hanya. Shekara shida tana tara kuɗin bulo. Ranar da aka je haƙa harsashi sai aka tarar an sare darbejiyar, gonar wane ta zama gidaje, hanyar ma ta goce, katangar maƙwabci kuma ta shigo ciki. Aka je wurin mai unguwa, daga nan sai kotu. Shaida ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar gari, na ukun ya ce shi dai ya ga an biya kuɗi amma bai riƙe igiya ba. Babu wanda ya musa cewa Goggo ta sayi fili, inda filin ya fara da inda ya ƙare ne aka rasa mai faɗa. Ƙarshenta sulhu aka yi, ta haƙura da wurin da zai ɗauki ɗaki guda da banɗaki. Har yau in ta tuna sai ta ce, "Ke dai 'yar nan, itace ba ya shaida."

Gaskiyar Goggo. Bishiya ana sare ta, shaida yakan mutu, amma lamba tana nan. Aikin safiyo ke nan. Shi ne mutumin da kike gani a gefen titi da na'ura mai ƙafa uku yana leƙawa, wani yaro can nesa yana riƙe da sanda. Yakan auna fili, ya kafa turakun siminti masu lamba a kowace kusurwa, sannan ya zana taswira mai nuna tsawo da faɗi da ainihin wurin da filin yake a doron ƙasa. Ko an tone turakun an jefar, wani safiyon zai ɗauki lambobin ya mayar da su daidai inda suke. Taswirar ita kaɗai ba ta mallaka miki fili, domin tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne, shi ke ba da takardar mallaka da ake kira C of O. To amma da taswirar ake neman wannan takarda, kuma ita ce za ta tona in filin da ake tallata miki ya faɗa kan hanyar da gwamnati ta shata, ko kuwa an riga an ba wani.

Sai dai fa ba duk mai riƙe da na'ura ne safiyo ba, kamar yadda ba duk mai farar riga a asibiti ne likita ba. A Nijeriya akwai hukumar da ake kira SURCON, wadda aka kafa da doka a 1989, ita ke yi wa safiyoyi rajista. Mutum zai yi karatunsa, ya zauna ƙarƙashin wani babba yana koyon aiki, ya ci jarrabawar hukumar, sannan a ba shi lamba da hatimi. Injiniyoyi su ma suna da tasu, COREN, tun 1970. Sai mutum ya yi shekara biyar a jami'ar da hukumar ta amince da karatunta, ya ƙara wasu shekaru huɗu yana aiki, an gwada shi an gamsu, kafin a sa sunansa a littafi ya ci sunan injiniya a gaban doka.

Wata za ta ce duk wannan dogon turanci na mene ne, ba dai hanyar karɓar kuɗi ba ce? Ni yadda na fahimci abin, hatimi yana nufin akwai mai suna da adireshi da ya ce, "Na ɗauki alhakin wannan aiki." In ya yi ha'inci akwai inda za a kai ƙararsa, a bincike shi, har a iya soke sunansa ya rasa hanyar abincinsa. Saboda haka yana da abin da yake tsoron rasawa. Shi kuwa wanda dillali ya ɗauko daga bakin tasha, in aikin ya ɓaci, wa za ki kama? Ya kashe waya, shi ke nan. A Amurka ma matsalar awo ce ta haifi dokar farko irin wannan. A 1907 jihar Wayomin ta hana kowa zana taswirar neman izinin ruwan noma sai mai lasisi, domin an gaji da taswirorin da waɗanda ba su san aikin ba suke kawowa.

In awon banza dukiya yake ci, to ginin banza rai yake ci. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu. Abin lura a nan shi ne, tun a 2020 kamfanin injiniyoyin da ya fara lura da aikin ya rubuta wasiƙa ya janye hannunsa, ya ce ba zai iya tsaya wa ingancin ginin ba. Kin ga amfanin mai sunan da yake gudun ɓatawa. Da an ɗauki wasiƙar nan da muhimmanci, da wataƙila an tsaya an duba. Sannan a ranar 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta a Jos ya faɗo kan ɗalibai da safe, rai 22 ya salwanta. Uwa ta yi wa ɗanta wanka, ta ba shi kuɗin tara, ta ce a dawo lafiya. Wace uwa ce za ta ji wannan cikinta bai juya ba?

Ba na raina magina, wallahi da guminsu muke kwana a inuwa. Birkila ya iya jera bulo ya miƙe kamar an ja zare. Amma lissafin nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka, da kaurin rodin da ginshiƙi yake bukata, da yawan siminti a kan yashi da tsakuwa, wannan karatu ne daban, na injiniya. Shi zai ce rodi mai 16 za a sa a nan, kada a sa mai 12 don neman sauƙi. Shi zai ce kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, don haka kada a yi gaggawar ɗora masa kaya. Shi ne kuma zai dubi maigida ido da ido ya ce harsashin nan na gidan ƙasa ne, ba zai ɗauki bene ba. Mu ne muke wuni a cikin gidajen nan da yara, maza suna kasuwa. In maigida ya ce zai ɗora sama, babu rashin kunya in kin ce, "Alhaji, wane injiniya ne ya duba?" Hausawa sun ce araha ba ta ado.

To daga ina masu hatimin nan za su fito, in ba daga cikin yaranmu ba? Wannan ne ya sa ƙungiyoyinsu suke bin makarantu. Akwai ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, APWEN, wadda Injiniya Joana Maduka da wasu takwarorinta suka kafa a 1982, kuma babban aikinta shi ne jawo 'yan mata zuwa wannan fanni. A 2018 ta fara wani shiri tare da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, na zuwa makarantun firamare ana koya wa yara ƙere-ƙere, ana kuma ba wasu 'yan mata tallafin karatu. Ranar 23 ga Yunin kowace shekara rana ce ta mata injiniyoyi a duniya, safiyoyi kuma tasu 21 ga Maris, kuma a irin waɗannan ranaku sukan shiga azuzuwa su yi wa ɗalibai bayani. A 2024 kuwa Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1958.

Ni ma abin ya shigo har tsakar gidana. Wata rana 'yata ta biyu, tana aji uku na ƙaramar sakandare, ta dawo ko hijabi ba ta cire ba ta ce, "Umma, yau wasu mata sun zo makarantarmu da hular kwano a kan ɗankwali!" Wai an raba musu tsinken tsintsiya da zare aka ce kowane rukuni ya haɗa gada, aka riƙa ɗora littattafai har ta karye. Tasu ce ta fi daɗewa, domin ɗaya daga cikin baƙin ta nuna musu cewa in aka ɗaure tsinke uku suka yi kusurwa uku ba sa lanƙwashewa kamar huɗu. Yarinyar da kullum sai an yi faɗa kafin ta buɗe littafin lissafi, ran nan har bayan isha tana ɗaure tsinke.

Hajiya, kakarta, tana kan tabarma tana ji. Ta ce, "Yanzu ke 'yar nan a rana za ki ƙare cikin leburori? Wa zai aure ki kin yi baƙi?" Aka yi dariya, amma tambayar Hajiya ita ce tambayar gidaje da yawa, kuma ta cancanci amsa. Na ce, "Hajiya, ai yawancin aikin a kan tebur ake yinsa da kwamfuta, fita duba aiki lokaci-lokaci ne. Kuma da a ce ranar da Goggo za ta sayi filinta akwai mace safiyo da za ta yi sallama ta shigo har ɗaki, ta shimfiɗa mata taswira a kan tabarma ta yi mata bayani da Hausa, da ba a yi haka ba." Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Wannan kuma gaskiya ne." Mun daɗe da yarda cewa muna bukatar likita mace da ungozoma. To dukiyar mace ma tana bukatar 'yar uwarta da ta san kan takarda, wadda bazawara ko matar kulle za ta tambaya sau uku ba ta ji nauyi ba.

Dalilin da ya sa masu hular kwanon nan suke sammako zuwa ƙananan azuzuwa shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga aji uku ake raba ɗalibai, waɗansu kimiyya waɗansu wani fannin, kuma wadda ba ta ɗauki lissafi da fizis da kemistiri ba, ƙofar nan ta rufe mata tun tana 'yar shekara goma sha biyar. Sau da yawa kuwa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, a gida ne aka ce lissafi na maza ne, ko aka ɗora mata talla da wanke-wanke a lokacin bitar karatu. Wuraren karatun kuwa ba su yi mana nisa ba. Tun 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe na 'yan mata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da aikin injiniya da na safiyo, Jami'ar Bayero tana da tsangayar injiniya, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Kaduna.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar doguwa ce. Daga shiga jami'a zuwa riƙe hatimi ana dosar shekara goma, kuma a cikin shekarun nan ne aure yake zuwa, da goyo, da hidimar gida. Ke budurwa mai wannan buri, ki faɗa wa mai neman ki tun ana zance a zaure, iyaye kuma su sa maganar a gaban waliyyai tun kafin a sa rana, kada sai an kai lefe a fara jayayya. Mai son ki da gaskiya zai so abin da zai amfane ki, ya amfani 'ya'yansa.

Ke kuma uwargida mai fuloti ko mai niyyar saye, ki riƙe abu uku. Kada ki biya sai safiyo mai rajista ya auna ya kafa turaku, kuma ki ga sunansa da hatiminsa a kan taswira. In kina shakka, a tura ɗa ko ƙane ofishin Babban Safiyo na jiha a tambaya. Kada a ɗora bene a kan ki da yaranki sai injiniya mai lambar COREN ya sa hannu a zanen. In kuma 'yarki ta dawo daga makaranta da labarin baƙi masu hular kwano, ki ajiye muciya ki saurare ta, ki rage mata aiki daren jarrabawa.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da rufin da ke kanmu, Ya yi wa zuriyarmu albarka, maza da mata. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.